Haƙorin Hankali da Yadda Yake Maƙalewa a Muƙamuƙi

Allah Maɗaukakin Sarki, da ya tsara bakin ɗan Adam, ya ba shi haƙora 20 na ƙuruciya, waɗanda suke zubewa ɗaya bayan ɗaya lokacin famfara, sa'an nan ya musanya masa su da 32 na girma. A cikin waɗannan 32, guda 28 sukan gama fitowa su jeru tun yaro yana ɗan shekara 12 ko 13, saura huɗu kuwa, biyu a sama biyu a ƙasa, can ƙuryar baki bayan sauran turame, ba su kunno kai sai mutum ya balaga alƙalami ya hau kansa, galibi tsakanin shekara 17 da 25, domin haka ne ake ce da su haƙoran hankali. Likitocin da suka bi sawun fitar haƙori a ƙauyukan kudu maso yammacin Nijeriya sun tarar a wurinmu sukan riga haka fitowa, har akan gan su a bakin ɗan shekara 14 ko 15. Amma ko da wuri ko a makare, su ne dai na ƙarshe, kuma duk wahalarsu daga nan ta taso. Misalin haƙorin nan kamar mutumin da ya makara zuwa masallaci ne ya tarar sahu ya cika: in an matsa masa, ya shiga ya tsaya daidai da kowa, in kuwa babu wuri, sai dai ya tsaya a karkace yana tokarar na kusa da shi.

Wanda ya zauna a Nukkai, a bakin garin Jalingo ta hanyar Wukari, ya kuma saba da teburin mai shayi da safe, da wuya ya rasa ganin saurayi, ko ɗalibi ko mai tuƙa Keke Napep, dafe da kunci, yana kurɓar shayi ta gefe guda, biredinsa na ajiye ya kasa gatsa, in an tambaye shi ya amsa ta tsakanin haƙora ya ce, "Turmina na ciki ne ke fitowa." Nan take majalisa za ta rabu, wani ya ce sanyi ne, wani ya ce tsutsa ce, wani ya ce ai kowa ya yi nasa, ya yi haƙuri zai wuce. Mai maganar ƙarshen nan yana da rabin gaskiya, gama ciwon yakan lafa bayan 'yan kwanaki. Abin da ya ɓace masa shi ne cewa lafawar ciwo daban, warkewa daban, kuma abin da zai auku ga saurayin nan da shekara biyar ko goma ya rataya ne a kan yadda haƙorin yake kwance a cikin ƙashi, al'amarin da ba mai iya saninsa ta hanyar leƙa baki.

Haƙorin ƙasa ya fi na sama maƙalewa, kuma sababin haka yana ga siffar muƙamuƙi. Duk wanda ya shafa fuskarsa tun daga haɓa ya yi baya zai ji ƙashin ya miƙe, sa'an nan ya yi kwana ya hau sama zuwa gaban kunne. Wannan reshe da ya hau sama shi ne iyakar filin haƙoran ƙasa, ƙashi ne kuwa mai tauri ƙwarai. Haƙorin hankali yana fara ƙulluwa a cikin ƙashin tun yaro yana wajen shekara 9 ko 10, kuma a farkon halittarsa a karkace yake, kansa na duban gaba. Yayin da yaro ke girma, gaban reshen nan yana zaizayewa sannu a hankali, bayansa yana ƙaruwa, fili yana buɗewa, haƙorin kuma yana miƙewa da kaɗan-kaɗan har ya tsaya sosai ya fito. To, idan girman ƙashi ya tsaya alhali filin bai isa ba, ko haƙorin ya kasa miƙewa a kan lokacinsa, sai ya kafe yadda lokaci ya riske shi.

Masana sun daɗe suna tattauna abin da ya sa filin yake gazawa. Gado yana ciki, babu shakka. Amma cima ma tana da nata hannu, domin ƙashin da ake motsa shi da tauna mai ƙarfi tun ƙuruciya ya fi samun cikar girma, haƙoran da ke niƙa abu mai tauri kuwa suna cinyewa kaɗan-kaɗan ta gefensu, suna matsowa gaba, har su bar wa na ƙarshe wuri. Wani likitan haƙori na Ostireliya, P. R. Begg, ya yi wannan bayani a 1954 bayan ya duba ƙoƙunan kan mutanen asali na ƙasarsu. A nan gida kuma, a shekarar 2000, likitoci biyu, Olasoji da Odusanya, suka gwada mazauna birni da mazauna ƙauye a kudu maso yammacin Nijeriya, suka tarar maƙalewar ta fi yawa a birni. Kakanninmu a ƙasar Muri sun tashi da rake da goruba da aya da gasasshiyar masara da kilishi da ƙuli-ƙuli, jikokinsu kuwa suna tashi da shayi da biredi da taliyar leda, abincin da harshe kaɗai ya isa ya sarrafa shi. Ba ina nufin a hana yara biredi a ɗora musu goruba ba, domin ba wanda ya tabbatar da cewa hakan zai tsare wani yaro ayyananne. Ina dai nufin kada tsoho ya yi wa saurayi dariyar raki don shi bai taɓa jin wannan ciwo ba. Da wasu masana biyu, Carter da Worthington, suka tattara binciken ƙasashe masu yawa a 2016, sun sami kimanin mutum 24 cikin 100 suna da irin wannan haƙori a maƙale, ko sun sani ko ba su sani ba.

Ilmin rabe-raben maƙalewar bai samu ba sai da aka sami hanyar ganin abin da ke cikin ƙashi. Wilhelm Röntgen na Jamus ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a 1895, a shekarar da ta biyo kuma aka ɗauki hoton haƙori na farko. A 1926 wani likita na birnin St. Louis a Amurka, George Winter, ya wallafa littafi sukutum a kan cire wannan haƙori guda, ya kasa shi bisa ga inda ya karkata in an gwada shi da turmin da ke gabansa. Bayansa, a 1933, Pell da Gregory suka ƙara ma'auni biyu, wato zurfin da haƙorin ya yi a cikin ƙashi, da yawan filin da ya rage tsakanin turmi na biyu da reshen muƙamuƙi, kowane ma'auni suka yi masa daraja uku. Har gobe da waɗannan ƙa'idoji likitan Jalingo yake karanta hoto, daidai da na Kano da na Landan.

Kashi na farko a rabon Winter, wanda ya fi kowane yawa, shi ne haƙorin da ya karkata gaba ya jingina kansa da turmin da ke gabansa. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Ibadan aka buga a 2001 ya sami kusan rabin maƙalallun haƙoran da aka duba irin wannan ne, kuma rinjayensa ya tabbata a galibin ƙasashen da aka bincika. A wajen cirewa shi ne mafi sauƙi, amma a wajen ɓarna yana da wata halayya da ta sa nake ganin ya fi cancantar a yi hattara da shi, domin cutarsa ba a kansa take sauka ba. Tsakanin kansa da bayan maƙwabcinsa akwai wani ɗan lungu mai kusurwa, inda zaren nama da ɓurɓushin tuwo suke shiga su zauna, aswaki bai kai can, buroshi bai kai, tsinken sakace kuwa sai dai ya ƙara tura su ciki. Shekara da shekaru abin yana ruɓewa yana cin bayan turmi na biyu, a wurin da ido ba ya gani, mai shi kuma bai jin kome, sai ran da rami ya kai ga jijiya. A sa'an nan mutum zai zo asibiti da niyyar rabuwa da haƙori guda marar amfani, a gaya masa cewa mai amfanin ma, wanda yake tauna da shi tun yana ɗan shekara 12, ya lalace.

Kashi na biyu shi ne wanda ya kwanta sosai, kansa na tunkarar saiwar maƙwabcinsa, saiwarsa kuma na duban baya. Wannan ba shi da hanyar fita ko an jira shi shekara hamsin, wani lokaci ma yakan ci saiwar na gabansa. Na uku shi ne wanda ya miƙe tsaye yadda ya kamata, amma ƙashi ko dasashi ya danne bayansa ya hana shi ƙarasa fitowa. Na huɗu shi ne wanda ya karkata baya ya sa kai cikin reshen muƙamuƙi, kuma shi ne mai yaudarar wanda bai ƙware ba, gama a baki sai a gan shi kamar a tsaye yake, kamar da an kama an girgiza zai fito, alhali kuwa hanyar fitarsa ta nufi cikin ƙashi ne, ga shi saiwarsa ta matsu da ta maƙwabcinsa. Likitoci sun yi ittifaƙi a kan cewa a muƙamuƙin ƙasa shi ne mafi wuyar cirewa. Akwai waɗansu nadirai, kamar wanda ya juya wajen kunci ko wajen harshe, ko wanda ya kife kai ƙasa, amma ba su da yawan da za a tsaya a kansu.

Abin da ya fi kai mutane asibiti dai shi ne kumburin dasashi, kuma ya fi aukuwa ga haƙorin da ya fito rabi, musamman na tsaye da mai karkata baya. Wanda ya buɗe bakin mai wannan ciwo ya haska tocila zai ga ɗan farin kan haƙori ya leƙo, wani leɓen nama ja jawur ya lulluɓe sauran, a samansa ga sawun haƙorin sama inda yake cizonsa duk lokacin da aka rufe baki. In aka danna naman kaɗan sai mugunya ta ɓullo daga ƙarƙashi, da wari mai hawa kai. Ƙarƙashin leɓen nan aljihu ne mai ɗumi da danshi wanda iska ba ta shiga, irin mazaunin da waɗansu ƙwayoyin cuta suka fi so. Daga nan sai kaluluwa ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi, ciwo ya harba zuwa kunne, tsokar tauna ta ɗaure har yatsa biyu su kasa shiga baki. Galibi abin yakan tsaya nan. Amma wani lokaci, musamman ga mai ciwon sukari ko wanda jikinsa ya raunana, mugunyar takan gangara ƙarƙashin harshe da wuya ta kowane gefe, wuya ya kumbura ya yi tauri, harshe ya ɗago, haɗiyar yawu ta gagara, numfashi ya soma ƙuntata. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya siffanta wannan hali a 1836, kuma har yanzu yana kisa. Wanda aka ga alamarsa a gare shi, ko da tsakar dare ne, a nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jiha da ke Jalingo da shi, kada a jira gari ya waye.

Akwai kuma illar da ba ta ciwo, wadda takan sami haƙorin da ya nutse ɗungum: jakar da ta lulluɓe kansa tun yana ƙulluwa takan tara ruwa ta yi ta faɗaɗa tana cin ƙashi, har muƙamuƙi ya yi rauni ko fuska ta karkace. Ba ta da yawa, amma ita ce dalilin da ya sa kumburin muƙamuƙi marar zafi ya fi mai zafi bukatar hoto.

Game da magungunan da ake yi a gida, ruwan ɗumi da gishiri yana da fa'ida ta haƙiƙa, kanumfari kuma yana rage zafi na ɗan lokaci. Amma ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona nama take yi, garin taba da man fetur da ruwan batir kuwa, waɗanda har yanzu akan sami mai ba da shawararsu, ta'adi ne ga jiki. Abin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne a je kemis a ce, "Ba ni na ciwon haƙori," a haɗo wa mutum kafso da farar ƙwaya a ƙulle a leda, ya sha kwana biyu, ciwo ya kwanta ya watsar. Bayan wata uku ya dawo, a sake. Maganin yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya miƙar da haƙorin da ya karkace, ba ya kuma rufe aljihun da ke tara su, sai dai ma ya koya musu jure magani. Masu cire haƙori a kasuwa kuwa, tsohuwar mas'ala ce. Abul Ƙasim az-Zahrawi, babban likitan Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi gargaɗi a littafinsa at-Tasrif cewa kada a yi gaggawar cire haƙori, kuma a tabbatar da wanda ke ciwon, domin zafi yakan ruɗi majiyyaci ya nuna lafiyayye. Ya kuma zargi masu ƙaho na zamaninsa da karya haƙora su bar saiwa a ciki, wani lokaci har su ɓalle ƙashi. Shari'a ma ba ta ɗauki haƙori da wasa ba, tun da ta yanka diyyar raƙuma biyar a kan kowane guda, a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa ba a bambanta turmi da haƙorin gaba.

Na ga yadda hoto yake yanke gardama wata rana a ɗakin likitan haƙori, inda wata dattijuwa ta kawo ɗanta, ta dage a kan lalle a cire haƙorin da yaron yake nunawa da yatsa. Likitan ya ɗaga hoton wajen taga ya ce, "Mama, matso ki gani. Wannan da yake nunawa lafiyarsa lau. Kin ga wannan farin da ke kwance a bayansa? Shi ne mai laifin. Wannan baƙin layi kuma da ya bi ta ƙarƙashinsa, hanyar jijiya ce." Ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta ce, "Ikon Allah! Likita, ashe a kwance yake?" Jijiyar da ya nuna mata ita ce mai kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa, tana bi ta wani rami a cikin muƙamuƙi, sau da yawa dab da saiwar haƙorin hankali, wata kuma tana bi ta gefen harshe. Ƙaramin hoton da ake sa wa a cikin baki yakan wadatar a mafi yawan lokuta, amma in haƙorin ya yi zurfi akan bukaci babban hoto mai zagaya kai ya nuna muƙamuƙi duka, wanda ba kowane asibiti ke da na'urarsa ba. Wannan yana cikin abin da ke wahalar da mutumin Karim Lamido ko Gembu, wanda zai yi doguwar tafiya kafin ya kai inda za a duba shi.

Shin kowane maƙalallen haƙori wajibi ne a cire shi? A nan malaman fannin sun yi saɓani. A Amurka an daɗe ana cire su tun suna lafiya, da hujjar cewa aikin ya fi sauƙi ga matashi, kafin saiwa ta gama kafuwa ƙashi ya ƙara tauri. A Ingila kuwa, hukumar da ake kira NICE ta yi hukunci a shekarar 2000 cewa kada a taɓa wanda bai nuna illa ba, sai in akwai dalili, kamar kumburi mai maimaituwa ko mai tsanani, ko ruɓewa, ko jakar ruwa, ko cutar da maƙwabci. Ga mutanenmu, waɗanda galibi daga aljihunsu suke biyan kuɗin aiki, ra'ayin Ingila ya fi dacewa a ganina, amma da sharaɗi guda wanda shi ne ginshiƙinsa: su can suna barin haƙorin ne suna kuma duba shi a kai a kai, mu kuwa in an ce mana a bar shi, sai mu ji kamar an ce a manta da shi. Saboda haka haƙorin da ya karkata gaba ya kuma leƙo cikin baki, ko da bai taɓa ciwo ba, ya kamata mai shi ya sa a riƙa duba bayan maƙwabcinsa. Wanda kuwa ya nutse ɗungum a bakin dattijo, ƙashi ya rufe shi ruf, bai taɓa motsi ba, barinsa ya fi alheri. Zancen da ake yi cewa shi ne ke tura haƙoran gaba su cunkushe bai sami hujja mai ƙarfi ba, kuma bai isa dalilin fiɗa ba.

Aikin kansa bai kai yadda ake tsoronsa ba. Akan yi allurar kashe zafi a ƙuryar baki, rabin leɓe da rabin harshe su yi nauyi, mutum yana farke yana jin turi amma ba ya jin zafi. Likita ya tsaga dasashi kaɗan, ya rage ƙashin da ya danne haƙorin da ɗan injin da ke feshin ruwa, in ya ga hanya ba ta isa ba ya raba haƙorin biyu ko uku ya fitar da shi gunduwa-gunduwa, ya wanke, ya ɗinke. In saiwar ta rungumi jijiya, wani lokaci akan yanke kan kaɗai a bar saiwar da gangan. Mutuwar leɓe ko harshe ta ɗan lokaci takan sami kaɗan daga cikin waɗanda aka yi wa aikin, mai ɗorewa kuwa ba ta kai 1 cikin 100 ba, kuma haƙƙin majiyyaci ne a gaya masa wannan tun kafin a fara. Bayan an gama sai a ciji auduga wajen rabin sa'a, a ranar kuma ba kurkurar baki da ƙarfi, ba yawan tofar da yawu, ba zuƙar sigari, domin gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa; in ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, a rana ta uku ko ta huɗu wani zafi zai taso wanda ya fi na farko, sai an koma an wanke an sa magani. Daga washegari a riƙa kurkurawa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri, a sha kunu da koko waɗanda suka huce, kumburi kuwa yakan kai matuƙarsa a rana ta biyu ko ta uku, sa'an nan ya soma saɓewa.

Saura mas'alar azumi, wadda ake yawan tambaya. Muhtasar na Shaihu Halil ya lissafta yi wa lalataccen haƙori magani da rana a cikin makaruhan azumi, sai fa in an ji tsoron cuta, sharaɗin kuwa shi ne kada wani abu ya wuce maƙogwaro. Wanda wuyansa ya kumbura ba shi cikin wannan zance, gama shi lalura ta riga ta same shi. Amma wanda haƙorinsa ya saba tashi yana kwanciya, aka kuma riga aka gaya masa cewa sai an cire, ya fi masa sauƙi ya nemi rana a Rajab ko farkon Sha'aban, domin bayan aikin akwai magungunan da ake sha sau uku a yini, akwai kurkurar ruwan gishiri bayan kowane abinci, ɗinkin kuma yakan yi mako guda kafin a warware shi.